Goyon Halifa a Gaban Surukata

Laifina ne, kuma gara in faɗa da bakina kafin matata ta riga ni. Ranar Litinin ɗin nan kuwa, ko na so in manta da ita, mutanen ofishinmu ba za su bar ni ba.

Ina aiki da wani kamfanin sayar da irin shuka da ke Kano, amma daga gidana a Dutsin-Ma. Nawa shi ne kiran dillalai a waya, in ji abin da ya ƙare masu, in rubuta a kwamfuta. Duk Litinin da ƙarfe goma muna mitin ta bidiyo da shugabarmu, Hajiya Turai. Ta sha faɗa mana cewa duk wanda gida ya raba wa hankali, ya tattara ya koma ofis a Kano. Ni kuwa ba abin da nake gudu kamar barin iyalina.

Matata Bilkisu malamar firamare ce a Kurfi. Kullum da ɗanmu Halifa take tafiya, ɗan wata bakwai. A makon nan aka sa ta tsaron jarrabawa, aka ce ban da jarirai. Ta ce za ta kai shi gidan Yaya Hauwa, yayata, da ke bayan layinmu.

Na ce, “A kan me? Ga ni zaune a gida. Yaron da ba ya ko rarrafe, shi ne zai gagare ni?”

Ta dube ni ta ce, “Malam, kana da mitin fa.”

“Ke dai je ki. Reno ai zama ne.”

(Wannan maganar, da ana sayen magana a mayar da ita ciki, da na saya.)

Ta ajiye mani kununsa ta tafi. Har tara da rabi lafiya lau, ina ta yaba wa kaina. Goma saura kwata Halifa ya buɗe baki. Na ba shi kunu, ya tofar a rigata. Na kaɗa masa makullin babur, ya ƙara murya. Na yi masa kukan akuya, ya tsaya ya kalle ni kamar ya ji tausayina, sannan ya ci gaba.

Sai na tuna uwarsa na goya shi yake yin shiru. Na jawo zaninta mai manyan furanni ja da rawaya, na ɗora shi a baya da kyar, na ƙulle a ƙirji. Ban san ana ƙarawa da majanyi ba, wannan ɗan ƙyallen da ke riƙe yaro ta ƙasa. Ya yi tsit. Na zauna a bakin kujera, na ɗaga kyamara yadda a zatona fuskata da hulata kawai za su fito.

Matsalar ita ce, da na daina jijjiga sai ya fara. Haka na shiga karanta rahoton dillalan garin Kutawa kaina na sama yana ƙasa.

Hajiya ta ce, “Malam, a kan babur kake ne?”

Na ce, “A'a ranki ya daɗe, sabis ne ke rawa.”

(Allah Ya yafe mani. Sabis bai taɓa kyau irin na ranar ba.)

Ina tsakiyar bayani na ji sallama a tsakar gida. Muryar Inna ce, mahaifiyar Bilkisu, ta zo daga Tamawa da ƙwaryar nono. To, Inna Bafulatana ce mai kunya. Tun da na auri ɗiyarta ban taɓa cin abinci a gabanta ba. Halifa kuma ɗan fari ne, in tana wuri ko kallonsa ba na yi, balle ɗauka. Ita ma ba ta haɗa ido da ni.

Jikina ya riga hankalina. Na miƙe zumbur, na juya wajen ƙofa, na rusuna. Ban kashe kyamara ba, ban kashe murya ba. Mutum goma sha ɗaya suka ga bayana: zani mai furanni, da Halifa ya zame ya karkace gefe guda, yana tsotsar wuyan rigata.

“Inna, sannu da zuwa. An zo lafiya? Ya mutanen gida?”

Hannuna ɗaya na tallafe da yaro, don ƙullin ya fara kwancewa. Sai na ji bakina na cewa, “Wai kuka yake, shi ne aka ɗora mani shi.” Aka ɗora! Gidan ba kowa sai ni da kaji.

Inna ta kau da kai, ta ja mayafi ta rufe baki, kafaɗunta na rawa. Ba ta yi mani magana ba, jikanta ta yi wa.

“Angona, wa ya ɗaure ka haka kamar buhun gero a kan jaki?”

Daga kwamfuta aka kwashe da dariya. Sai muryar Hajiya: “Mama, don Allah ki karɓe shi. Tun ɗazu nake hango ɗan tafin ƙafa a ƙarƙashin hammatar Malam, gabana sai faɗuwa yake.”

Inna ta waiga tana neman mai magana, ta gaishe da kwamfutar har da tambayar gajiya, sannan ta zare Halifa daga bayana. Cikin ƙiftawar ido ta goya shi, ya yi barci kafin ta kai inuwar darbejiya.

Na koma kujera da zani a ƙirji, na riga na fara lissafin jakar da zan tafi Kano da ita. Hajiya ta share hawayen dariya ta ce, “Malam, 'ya'ya biyar na goya ina aiki. Goyon bai dame ni ba, ƙaryar sabis ce ban so ba. Nan gaba in kana da reno ka faɗa, a matsar da naka rahoton zuwa la'asar. Ƙarasa mana.”

Na ƙarasa. A ranar na gane cewa mai reno ba ya aiki biyu a lokaci guda, sai dai ya ɓata ɗaya yana gyara ɗaya, kuma neman taimako ya fi ƙarya sauƙi.

Da azahar Bilkisu ta dawo. Inna ta riga ta ba ta labari a tsakar gida, ina jiyo su daga ɗaki. Ta shigo tana danne dariya, ta ce, “Malam, ya aiki?”

Na cire hula na riƙe a hannu. Na ce, “Bilkisu, ki yafe mani. Wata bakwai kina koyar da yara da wannan bawan Allah a bayanki, ban taɓa ce maki sannu ba. Sannu. Gobe da kaina zan kai shi gidan Yaya, kuma in kin huta, don Allah ki koya mani ɗaurin nan.”