Layin da Surukina Ya Tsallake

Ba zan taɓa mantawa da wasiƙar farko da na rubuta da hannuna ba, ina da shekara arba'in da shida a duniya.

Gyaran kifi nake yi a kasuwar Kado, kwana kuma a Mararaba. Iyalina suna ƙauyenmu can wajen Gumel, sai Sallah-Sallah nake ganinsu. Da na yi shekara guda a ajin yaƙi da jahilci, malamarmu ta ce kowa ya rubuta wa wanda yake kewa wasiƙa. Wasu suka rubuta wa iyayensu. Ni kuwa, da furfurata, na zaɓi matata.

Shekara ashirin da biyu muna tare, ban taɓa kiran sunanta ba, sai dai "Maman Sadiya". A waya ma gero da lafiyar awaki ne hirarmu. Amma takarda ba ta kallon mutum, sai na saki jiki. Na rubuta "Hajara" ɓaro-ɓaro. Na ce idan na ji ƙamshin daddawa a Mararaba sai abincin ya tsaya mini a wuya. Na ce ina tuna yadda take dariya tana rufe baki da gefen mayafi. A ƙarshe na ƙara wani layi (wannan kam ko ku ba zan gaya wa ba). Sati uku na yi ina gogewa ina sakewa, sannan na ba direban garinmu.

Abu biyu na manta. Hajara ba ta karatu. Kuma a garinmu wasiƙar matafiyi ta kowa ce, a zaure ake karanta ta.

Ranar Laraba ina tsakiyar yanka tarwaɗa, wata mata tana tsaye a kaina, sai ga wayar yayana. Na maƙale ta a kafaɗa.

"Ɗan boko! Ga mu duk mun taru, har su Inna. Mun sa ka a sifika. Malam zai karanta."

Malam ɗin nan tsohon hedimasta ne. Shi ne kuma mahaifin Hajara.

"Yaya, dakata, ba ta taro ba ce!"

"Yi mana shiru, an fara."

Na ji gyaran muryar surukina. Ya karanta sallama. Ya karanta sunan 'yarsa a hankali, kamar mai kiran rajista. Wajen daddawa wata gwaggona ta ce, "Oh ni! Ashe yunwa yake ji." Wajen mayafi kuwa guɗa na ji. Matar da ke jirana ta ce, "Oga, kifin ya mutu tun ɗazu, ka daina yanka shi." Sai Malam ya yi tari sau biyu, ya ce, "To, sauran gaisuwa ce. Rubutun dai ya yi kyau." Da ƙasa za ta tsage a Kado, da na shige har da daron kifin.

Kwana huɗu ban kira gida ba. Ita ta kira.

"Baban Sadiya, Baba ya tsallake wani wuri. Na ga idonsa ya yi ƙasa. Me ka ce a can?"

Na buɗe baki, sai na ji kaina ina tambayar awaki.

Sai ta ce, "Na ajiye wasiƙar a ƙasan akwati. Ba wanda zai sake karanta mini. In ka zo, ka karanta da bakinka."

Saura wata uku Sallah. Kullum a motar Mararaba ina maimaita layin nan a zuci, kalma bakwai ne kacal, har yanzu a ta huɗu nake maƙalewa. Malama ta koya mini riƙe biro, amma ba ta gaya mini cewa mai rubutu ya fara tambayar wa zai karanta ba. Na dai gane rubutun ne mai sauƙin.