Rasuwar Hajiya Mai Tiyo, Na'urar Numfashin Baba Grema

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idanun da suka manta barci, ni Kashim Grema, a madadin gidanmu da ke Diffa, ina sanar da rasuwar na'urar numfashin mahaifinmu, wadda muke kira Hajiya Mai Tiyo. Ta rasu ranar Talata bayan la'asar, a fadar ƙofar gida, inda dattawa ke zaman hira, tana hura gawayin shayi. Ba aikinta ba ne.

Marigayiya ta zo mana daga Yamai, bayan Baba ya yi barci a kan sitiyari da rana tsaka, ya shiga gonar mutane da mota da buhunan tattasai a hanyar Gueskérou. Likita ya ce maƙogwaronsa ke rufewa in ya kwanta, numfashi ya tsaya, ya farka bai sani ba, gari ya waye kamar bai runtsa ba. Ya ɗaura masa takunkumi a hanci, ya ce: "Alhaji, wannan ba maganin masassara ba ne da za ka shanye ka yar da kwali. Kamar tabarau take, ranar da ka cire ka koma yadda kake. In ka rage ƙiba ka dawo mu sake aunawa, wataƙila mu sallame ta. Kafin nan, a'a."

Ta kasance mai haƙuri, marar yawan magana. Duk zancenta fuuu, shhh, fuuu, shhh. Ta sha ɗaukewar wuta ba ta yi ƙorafi ba, ta rayu da ɗan batirin panno mai cin hasken rana. A zamaninta uwarmu Ya Gumsu ta daina zungurar mijinta don ta ji ko yana da rai. Maƙwabta suka daina zaton injin ban ruwa muka ajiye a ɗaka. Baba ya ji huɗubar Juma'a har ƙarshe, ya dawo yana mamaki, ashe tana da tsawo.

Ciwon ajalinta ya fara ranar da Baba ya ji daɗin jikinsa. Ya ce ya warke. Hujjarsa, ya daina minshari. Na ce, Baba, wa ya hana ka minsharin? Ya ce yaron da bai ci jarrabawar bak ta gama sakandare ba ba zai koya masa numfashi ba. Tumbin kuwa yana nan, har ya ƙara faɗi. Randebun komawa wajen likita ya zo ya wuce. Aka ajiye Hajiya a kan akwati.

Sai amininsa Babakura, sarkin shayin fadarsu, ya gan ta. Ya ce: "Haba Grema, abin da ke hura ƙato kamarka ai zai hura wuta. Ka bar ta tana zaman banza, mu muna karya hannu da mafici?" Aka fito da ita, aka kara tiyo a murhu. Shayi ya nuna da wuri, dattawa suka yi kabbara. Ta shaƙi toka, tiyo ya narke, ba ta daina ba. Kalmarta ta ƙarshe: ƙirrr, ƙat. Fannami mai gyaran rediyo ya buɗe ta, ya duba, ya rufe, ya ce a yi haƙuri.

Ta bar tiyo ɗaya ƙonanne, da takunkumi, da jaka. Ta bar Ya Gumsu, wadda ta koma zunguri. Ta bar minshari, wanda ya dawo gida tun ranar da aka ɗora ta kan akwati, kowa na ji in ban da mai shi. Ta bar Baba, wanda jiya barci ya ɗauke shi da kofi a hannu, yana tsakiyar gaya wa mutane ya warke.

Shi ne kuma ya ce ranar Asabar shi zai tuƙo lodin tattasai daga Gueskérou, da kansa. Gonar mutanen tana nan inda take. Bana sun haƙa rijiya a bakinta.

Za a karɓi gaisuwa a fada. Masu zuwa su zo da maficinsu. Babakura ya yi tasa daga gida, mun gode.

Gawa za ta tashi ranar Juma'a da safe a bas ɗin Yamai, inda likita ke jiranta tare da mai ita. Kujerar kusa da taga ta Baba ce. Ni na yi mata sutura, na sa ta a jakarta, na danna kwaɗo.

Makullin motar Baba yana cikin jakar. Mai son tuƙi ya bi jana'iza.