Rasuwar Tsoho Mai Aike

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ido kuma a bushe, Malamin Lissafi yake sanar da rasuwar wanda ya fi kowa sama wa magidanta aikin yi a wannan zamani, wato Tsoho Mai Aike, ɗan mutum-mutumin yumɓu mai tsayin ɗan yatsa.

Marigayin ya yi rayuwarsa a kusurwar teburin cin abinci, kusa da gwangwanin sukari. Duk Asabar da yamma Malam kan shimfiɗa taswira, abokansa uku su zauna wasan labari, kowa da jaruminsa, ana jefa ɗan ludo a ga wa zai tsira. Tsoho ne yake ba jaruman aiki. Sai a ji ƙwas-ƙwas ɗin gindinsa a kan katako, sannan muryar da Malam yake ara masa: "Samari, akwai aike."

An shaide shi da haƙuri. Ya aike su neman maganin 'yarsa, suka tsaya kasuwa taya takobi. Ya aike su kashe dodo, suka haɗa jari da dodon. Sun taɓa yi masa fashi har cikin ɗaki, mako ya zagayo ya sake kiransu samari, duk da furfura da maganin hawan jini. Malam mutum ne da bai iya ɗaga waya ya ce ya yi kewar wani ba. Saƙo kawai yake turawa cewa Tsoho yana nemansu, su kuwa su zo.

Jinya ta yi tsawo. Hanci ne ya fara guntulewa, daga baya aka soma latsa waya yana tsakiyar magana. Ranar da ajali ya yi, gwiwar hannun ɗaya daga cikin abokan, wato Likitan Haƙori, ita ce ta ture shi, ya sauka a kan siminti. Tas! Likita ya rantse kuskure ne. Malam dai ya lura babu wanda ya sunkuya, kuma an watse da wuri, cikin fara'a.

Ya rasu ya bar 'ya a kwance, da dodo mai arziki, da gwangwanin sukari, da Malam, wanda yanzu ba shi da bakin da zai kira kowa da shi.

Za a binne shi Asabar mai zuwa a tukunyar fulawar da ke baranda, daidai lokacin wasa. An sanar da jarumai. Likita yana da taro. Lauya zai kai mota gareji. Na ukun ya turo hoton babban yatsa.

Matar Malam, ma'aikaciyar jinya, wadda Asabar ce kaɗai ranar barcinta, ta tarar da shi yana goge kujerun tun yanzu, ɗaya bayan ɗaya. Ta daɗe a tsaye da jakar aiki a kafaɗa. Sannan ta sunkuya ta zaro ɗan ludo daga ƙarƙashin firiji, ta ce a koya mata dokokin. Ita za ta riƙe duka jarumai ukun.

Don haka ba a buƙatar ƙarin kujeru.