Na-Gaban-Zamani Da Tsohuwar Laftof Ɗinsa

Duk kamfanin da ya samu mutum irin shugaban sashenmu na tsare-tsare, to ya gode wa Allah. Mu dai Na-Gaban-Zamani muke kiransa, shi kuma yana amsawa da murmushi, don a zatonsa kirari ne. Ya taɓa halartar wata bita kan kwamfuta tun gashinsa na baƙi, aka ba shi takardar shaida, ya rataye ta a bayan kujerarsa. Tun daga ranar ilimin na'ura ya tare a kansa, ya bar sauran duniya cikin duhu.

Laftof ɗinsa kuwa dattijuwa ce mai daraja. Nauyinta ya kai na dutsen niƙa. Batirinta ya daɗe da riga mu gidan gaskiya, don haka ko taku ɗaya ba ta yi sai da caja a soket. An ɗaure ƙugunta da salatif, wasu haruffan sun zube kamar haƙoran tsoho. In ya kunna ta, fankar cikinta kan yi gurnani har akawu da ke ɗakin kusa ya leƙo ya ga ko an kawo injin markaɗe ne.

Da kamfani ya raba sababbi, shi kaɗai ya ƙi karɓa.

"Da tsohuwar zuma ake magani," in ji shi. "Waɗannan na yanzu duk kwali ne. Wannan kuwa ni na raine ta. Ta san hannuna."

Sai dattijuwa ta fara suma. Ana tsakiyar aiki allon ya yi shuɗi, ta ɗauke ɗif. Ran da ta fara yi masa haka a gaban ma'aikata, ko gezau bai yi ba.

"Tunani take yi," ya ce mana. "Na ɗora mata lissafin da ya fi ƙarfin ƙananan ƙwaƙwale. Ku ba ta wuri."

Muka ba ta wuri har lokacin tashi.

Da abin ya yi yawa, ya ɗaura ɗamarar bincike. Ya fara da sakatariya: filashinta na ajiyar fayiloli ne ya kawo bairos. Aka haramta wa filashin shiga ofis, suma ta ci gaba. Sai ya zuba wa laftof ɗin manhajojin riga-kafi kala-kala, kowacce na kama 'yar'uwarta a matsayin ɓarauniya, har kibiyar allo ta koma tafiyar hawainiya. Ana maganin ƙaba, kai na kumbura.

Da ya ji gindinta na zafi kamar dutsen guga, ya gano cewa teburin ne bai dace da matsayinta ba. Ya sa matarsa ta ɗinka mata matashi mai laushi, ya ɗora ta a kai, duk ƙofofin shan iskarta suka toshe. Yanzu dai cikin jin daɗi take suma.

Matar ta ce, "Maigida, ko dai ka kwashe aikinka ka ajiye a wani wurin, kafin ta tafi da shi?"

"Ke dai tsaya a kan kekenki na ɗinki," ya ce. "Likita ba ya neman shawarar ɗan jinya."

Ana haka aka sanar cewa mai kamfanin za ta zo ta saurari tsarin kowane sashe, daga nan ta zaɓi sabon manaja. Na-Gaban-Zamani ya riga ya gwada zama a kujerar manajan sau da yawa in ofishin ba kowa. Sai ya yanke shawarar yi wa cutar aikin gama-gari. Ya kutsa can cikin hanjin laftof, ya tarar da tarin fayiloli masu baƙin suna.

"Ga munafukan!" ya ce. "Wa ya ɗauke ku aiki? Wanda ban san shi ba, ba ya kwana a ofishina."

Laftof ɗin ta yi ta tambayarsa ko ya tabbata. Ya ji haushin a ce na'ura na shakkar maganarsa, ya goge su tas.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ɗakin taro ya cika. Mai kamfanin, dattijuwa mai ƙarancin magana, ta zauna a gaba da tabarau a kan hanci. Gwanin namu ya shigo da kwat, ya shimfiɗa matashi, ya jona majigi, ya danna. Fanka ta ja dogon numfashi. Wasu fararen haruffa suka bayyana a bango, sannan baƙi ƙirin. Ya danna, ya jijjiga, ya hura mata iska, ya ɗan mare ta a gefe. Shiru.

Da wani ne, da ya nemi uzuri. Shi kuwa sai ya rufe ta a hankali, ya gyara wuyan kwat, ya ƙwanƙwasa goshinsa da yatsa.

"Ranki ya daɗe, kada ki damu. Duk abin da ke cikinta daga nan ya fito. Ita 'yar aike ce kawai. Ni ne kwamfutar."

Ya ɗaga hannu. Ya buɗe baki. "Da farko dai..." Ya tsaya. "Wato, da farko..." Ido ya kafe a silin, hannu na sama, gumi na bin kunne. Ba ka jin komai a ɗakin sai numfashinsa.

Mai kamfanin ta jira iya jira. Sannan ta sauke tabarau, ta juyo wajenmu.

"'Ya'yana," ta ce, "shi wannan ta ina ake kashe shi a sake kunnawa?"