Rasuwar 'Yan Benci Goma Sha Biyar

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda haushi ya riga ya cinye rabinta, mai gyaran agogon da ke ƙarƙashin matakalar kasuwa yana sanar da 'yan'uwa da abokan wasa rasuwar ƙunshin katinsa na gefe, wanda aka fi sani da 'Yan Benci. Su goma sha biyar ne. Sun riga mu gidan gaskiya ranar Asabar da misalin ƙarfe huɗu na yamma, a kan tebur na ɗaya a shagon wasan kati, bayan gajeriyar jinya ta wasa biyu. Sun cika suna da shekara shida, a hannun mai su, a gaban jama'a.

Ga waɗanda ba su san marigayan ba: kowane ɗan wasa yana zama da babban ƙunshi mai kati sittin, sai ƙarami mai sha biyar a gefe. Wasa uku ake yi, wanda ya ci biyu shi ya yi nasara. Bayan wasan farko kana iya cire wasu katuna ka sako na gefe, gwargwadon abokin karawarka. Mai agogo da Rundunar Zuma yake wasa, ƙunshin da ƙarfinsa duka yana wuyan kati iri ɗaya, Uwar Zuma, mai haifo sojoji ba iyaka, guda huɗu a kowane ƙunshi. Su kuwa marigayan, aiki ɗaya aka tara su dominsa: wasan madubi, wato ranar da ka zauna ka tarar na gabanka ma Rundunar Zuma ya riƙo. Babbansu shi ne Hayaƙi, su huɗu, waɗanda da Uwa ta sauka a tebur suke kwantar da ita.

Mutanen kirki ne, wallahi. Ba su taɓa ƙorafin zaman benci ba. Gidansu wani gwangwanin batiran agogo ne, kuma duk wanda ya taɓa zama a shagon ya san muryarsu: “ƙwas” idan an buɗe murfi, “farrr” idan babban yatsa ya bi ta kansu. Da an ji wannan ƙwas ɗin, sai ka ga abokin karawa ya fara duba hanyar gida. Shekara shida ba wanda ya ci mai agogo a wasan madubi, ko mutum ɗaya.

Game da cutar ajali, iyalan sun so a sakaya, amma mai agogo ya ce a faɗa. A gida aka kamu da ita.

Yana da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ake kira Auta duk da gemunsa da 'ya'yansa biyu. Shi mai agogo ya koya masa riƙe kati. Shi ya haɗa masa Rundunar Zuma irin tasa sak. Kuma shi ne, da bakinsa, ya zaunar da shi a bencin rumfarsa tsakanin agogunan mutane, ya zazzage masa gwangwanin kaf: wannan ake cirewa, wannan ake sakawa, a madubi wanda ya fara kashe Uwa shi ya ci. Auta yana ta gyaɗa kai yana cewa, “To Yaya. Na gane, Yaya.” Ashe kuwa ya gane ɗin!

Ranar Asabar aka yi gasar shago. Kujera ɗaya tak ake nema, ta zuwa babbar gasa, kujerar da mai agogo ya yi shekara shida yana bi tana zille masa a matakin ƙarshe. Bana ya kai ƙarshe, ya ɗaga kai, sai ga Auta. Ransa ya yi fari ƙal, har ya tausaya wa yaron. Ya cinye wasan farko ba gumi. Sannan ƙwas, farrr, ya cire sojojinsa ya sako Hayaƙi huɗu da mataimakansu, kamar yadda ya saba.

A wasa na biyu Hayaƙi suka zo hannu, suka zauna jiran Uwa. Uwa ba ta fito daga hannun Auta ba. Wasu ƙananan Zanzaro ne suka yi ta fitowa, katunan da ko a ƙasa aka gan su ba a sunkuyawa, waɗanda Hayaƙi ba ya yi musu komai. Suka yi ta harbin mai agogo har ya faɗi. A nan ne ya kamata a kai mara lafiya asibiti. Ina! Mai agogo ya ce sa'a ce kawai, Uwar ce ta maƙale a ƙasan ƙunshin Auta. Ya sake buɗe gwangwani ya juye sauran duka.

A wasa na uku suka cika. Hayaƙi huɗu reras a hannunsa, ga 'yan'uwansu, babu wanda za su taɓa, shi kuma ba sojan da zai tare masa. Da aka tashi, Auta ya buɗe akwatinsa na gefe zai mayar da kati, sai ga Uwar Zuma huɗu kwance a ciki. Tun bayan wasan farko ya cire su. Ya miƙo hannu ya ce, “Yaya, ai kai ka ce a san abin da na gaba zai sako.”

Mai agogo yana so a sani cewa abin ya yi masa ciwo, kuma har yanzu yana yi. Da baƙo ne ya ci shi, da ya sha ruwa ya kwanta.

Marigayan sun bar babban ƙunshi mai kati sittin, wanda tun ranar bai fito daga aljihun jaka ba. Sun bar robar da ake ɗaure su, da matar mai agogo wadda ta ce ita dai ta samu teburin cin abincinta, da kuma Inna, mahaifiyar su biyun, wadda ta yi ta'aziyya da cewa, “To ai duk gida ne ya ci.” Ana roƙon masu zuwa gaisuwa kada su maimaita wannan magana.

Haka kuma ana sanar da cewa shekaranjiya Auta ya zo rumfa, ya tsaya yana sosa ƙeya, wai a babbar gasa 'yan Zuma sun yi yawa kuma ba su san dabarar cire Uwa ba, ko Yaya zai ara masa Hayaƙin nan huɗu. An shaida masa cewa ba a aron gawa. Ya daɗe a tsaye, sannan ya tafi.

Za a yi jana'iza ranar Asabar mai zuwa da ƙarfe takwas na safe, daidai lokacin da motar masu zuwa gasa za ta tashi, don kada wani ya wahalar da kansa. Za a rufe su cikin gwangwaninsu, a durowar ƙasa ta rumfa, kusa da agogunan da masu su ba su dawo karɓa ba. Ba a buƙatar jawabi, ba a buƙatar shawara kan abin da ya kamata a sako. Mai shagon kati ne zai ɗauki gawa. Idan ya ƙirga ya ga sha ɗaya, ya rufe murfin ya yi shiru da bakinsa.