Rubutu a Kwalbar Mota

Ko tsufa ya kwashe mini hankali, ba zan taɓa mantawa da kakar da fara ta sauka a Gabi ba. Kowa yana tuna ta da geron da ya rasa. Ni da ƙafar wani bawan Allah nake tuna ta.

Lokacin ni ne direban Alhaji Tsahiru, mai sayen gyaɗa a Madarumfa, saura 'yan shekaru Faransawa su tafi. Ya sayo mota daga Kano mai wani abu da ba mu taɓa gani ba: kwalbar ruwa a gefen inji, da ɗan famfon roba kusa da ƙafar direba. In ka taka, ruwa ya tsirto a gilashin gaba, sandunan sharewa su goge. Sai kaina ya kumbura. Ranar kasuwa nakan tsaya bakin tafki in yi ta takawa, mutane na kallo, ni ina duban gefe kamar ba ni ba. (Har tsumman goge gilashi na yar, wai na wuce ajinsa.)

Innata ba ta taɓa yarda da mota ba. Ta karɓo mini rubutun tsari wajen malamin unguwarmu, ta ce in sha in shafe jiki. Na sha rabi. Sai wata dabara ta faɗo mini: ni da mota ai hanyarmu ɗaya, me zai hana ita ma ta samu? Na juye sauran a kwalbar, na ƙara ruwa, ina jin babu mai wayona daga Maraɗi har Katsina. Ban tsaya na tuna cewa da ƙaro ake haɗa tawada ba, shi kuwa ƙaro ba abin da ya iya sai bushewa da mannewa. Motar kuma ta kwana biyu a rumfa ba a fita da ita ba.

Ran nan da hantsi aka aiko daga Gabi cewa maciji, kasa, ta sari Baba Nomau, yayan Alhaji, yana gaggawar yanke gero kafin fara ta gama da shi. Muka tarar ƙafar ta kumbura kamar turmi. Muka kwantar da shi a baya, kansa bisa cinyar Alhaji, goran ruwansa a ƙirji, muka nufi asibiti a Maraɗi.

Ba mu yi nisa ba muka faɗa cikin fara. Suka yi ta fashewa a gilashi, sanduna suka dama abin ya zama kamar kunu, hanya ta ɓace mini. Na taka famfo, shiru. Na sake takawa, shiru. Dole na tsaya.

"Mi ya hwaru?" in ji Alhaji.

"Ba komi, Alhaji, abu kaɗan ne."

"Samu tsumma ka goge mu tahi."

Da na ji maganarsa, da ba ni da labarin ba ku yau. Amma manoman da ke kora fara da ganga sun fara taruwa, wasunsu kuwa sun sha ganina bakin tafki. Ni in goge gilashi da hannu a gabansu? Na ɗaga murfin inji. Kwalba cike take (na sa jikina na kare, kada Alhaji ya ga launinta). Na bi tiyo da yatsa daga kwalba har famfo, bai fashe ba, bai lanƙwashe ba. Na karyo ƙayar aduwa na tsokale 'yan kafofin da ruwan ke fita. Na koma na taka, shiru. Duk wannan ina jin nishin Baba Nomau da salatinsa, ina ce wa kaina saura kaɗan.

Daga ƙarshe na zare tiyon, na sa a baki na zuƙa, na roƙi Alhaji ya taka mini. Ya ajiye kan yayansa a kujera, ya zagayo, ya taka da dukan fushin da ke cikinsa. Abin da ya toshe ya ɓalle. Baƙin ruwa mai yauƙi da wari ya cika mini maƙogwaro, tiyon ya kuɓuce, ya wanke mini fuska da farar rigata, ya bi gilashin ya mai da shi baƙi ƙirin.

Ba wanda ya yi dariya, kuma da sun yi da ya fi mini sauƙi. Alhaji ya dangwala da yatsa ya sunsuna.

"Tawada ce wagga?"

"Rubutun da Inna ta amso mini ne."

"Kai anka ba, ko mota?"

Sai ga hannu ta taga, Baba Nomau yana miƙo goransa. "Ɗana, amshi wanga ka wanke. Ni na iya haƙuri da ƙishirwa." Alhaji ya warware rawaninsa, ya jiƙa, ya goge gilashin da kansa. Aikin bai kai tsawon alwala ba.

Bayan azahar muka isa. A gwiwa aka yanke ƙafar. Likita bai ce jinkiri ne ya jawo ba, Alhaji bai kore ni ba, bai ma taɓa tada zancen ba. Ni kaɗai nake tada shi, kuma har yau yana ƙona mini rai. Gari dai ya raɗa mini suna Allo, har jikokina sun tashi sun same shi.

Baba Nomau bai sake noma ba. Ya koma tufkar igiya a ƙofar shagon ƙanensa. Duk sanda na wuce sai ya yi murmushi ya ce, "Allo, ya gilashi?" In ce, "Lahiya lau, Baba," idona a fuskarsa, don ba na iya duban ƙasa.

Tun daga ranar, abin da aka ce in sha, shanyewa nake yi tas. Kuma na daɗe da ajiye tuƙi, amma ku laluba aljihuna ko ranar Idi ce, za ku sami tsumma.