Ranar da Malam Ya Durƙusa Mini

Ba zan taɓa mantawa ba, abin da na fara lura da shi da muka shiga makarantar kurame ta kwana shi ne babu tsohon ƙarfen tayar mota da ake bugawa a kowace lakwal, wato makarantar boko. Maimakonsa wata yarinya ce tsaye kan bulo tana kaɗa jan ƙyalle, yara kuma na gudu zuwa aji. Kuma wurin ba shiru gare shi ba kamar yadda na zata. Ana buga ƙofa, ana jan benci, ana dariya da ƙarfi.

Daga Dogarawa muka zo, ni da Inna da ƙanwata Rakiya, wadda sanƙarau ya tafi da jinta tun tana shekara uku. Gado ɗaya ya rage a ɗakin 'yan mata, kuma an gaya mana shugaban makarantar yana da sharaɗi: ba ya karɓar yaro sai an samu mutum ɗaya a gidansu da zai koyi maganar hannu, don kada yaro ya koma hutu ya zama baƙo a ɗakin uwarsa. Ni aka zaɓa.

"Wagga ɗiya tawa akwai ladabi," in ji Inna ga Madam, malamar da ke ji kuma take yi mana tafinta. "Ko idon babba ba ta kallo."

(Gaskiya Inna ta faɗa. Na yi shekara biyu a kwalej, wato ƙaramar sakandare, kuma da takalma nake gane malamanmu.)

Madam ta tafi da Inna ta nuna mata ɗakin kwana, aka bar ni da Rakiya a buro, wato ofishin shugaban. Sai ga Malam, shugaban makarantar, ya shigo, dattijo mai furfura, shi ma kurma. Na yi abin da aka koya mini. Na durƙusa, na sunkuyar da kai, na ce, "Ina kwana, Baba," da wata murya da ko mai ji sai ya matso.

Daga nan na dubi takalmansa. Baƙaƙe ne, an sake wa na hagu ɗinki da farin zare. Ɗinki goma sha ɗaya. Ina jin motsin hannun rigarsa a samana, fat, fat, na ce a raina zafi yake ji, yana fifita.

Can sai ya buga tebur. Na ɗauka na yi laifi, na ƙara sunkuyawa. Ya buga ƙafa a ƙasa har na ji a gwiwata. Na ƙara. Ya miƙo hannu yana kaɗawa daidai hancina, ni kuwa don tsabar kunya sai na juya fuskata bango. Rakiya ta mintsine ni. Na ture hannunta, ina mamakin yarinyar nan da rashin natsuwa gaban manya.

Ina nan sai na ga takalman sun ja baya, gwiwoyi biyu sun sauko kan siminti, sannan tafin hannu, sannan hula, sannan fuskar Malam gaba ɗaya a ƙarƙashin tawa, tana leƙo ni. Dattijon da a haife ya haifi babana. Na ɗaga kai a firgice, sai na ga taga cike da yara, har wani ya hau wuyan wani.

A haka Inna da Madam suka same mu. Malam ya miƙe, ya kakkaɓe wando, ya yi wa Madam magana da hannu mai tsawo.

"Yarinya, mi kika yi?" in ji Madam. "Ya ce ya ba ƙoƙon kanki tarihi tun daga farko. Yadda a zamaninsu ake ɓoye kurma bayan ɗaki in baƙi sun zo, da yadda aka ɗora shi bisa motar kaya aka ƙetare iyaka da shi neman makaranta. Kuma sau uku yana tambayar ki ko za ki koya saboda ƙanwarki. Na ukun kika ba shi ƙeya. Nan wurin, wanda ya kau da ido kamar ya toshe kunne ne."

Inna ta rufe baki da mayafi. Malam ya ɗauki takardar karɓar Rakiya a makarantar, yana jujjuya ta. Sai Rakiya ta zo ta kama haɓata da hannu biyu, ta ɗaga ta sama kamar mai gyara murfin tukunya, ta riƙe. Na dubi idon Malam, na gyaɗa kai. Ya daɗe yana kallona, ni ma ina kallonsa, hawaye na zuba. Sannan ya sa hannu a takardar.

Kafin mu fita yaran sun raɗa mini suna irin nasu: a sauke haɓa ta taɓa ƙirji. Har yau da shi suke kirana, har Rakiya.

Na dai gane cewa ladabin da aka yi shekara goma sha huɗu ana koya mini, a wancan buro rashin kunya ne. Da na yi wata uku ina koyo, na koma wurin Malam, na dube shi, na roƙe shi da hannuna ya sake ba ni tarihin nan daga farko, amma don Allah wannan karon yana zaune a kujera.